Igiyar Baffa Gambo da Tirela Mai Wuyan Raƙumi

Wuyanta na fara gani. Ina tafe a wanet ɗinmu, wato ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, ta gefen haraj, wato kasuwar gwanjon tsofaffin motoci da ke kudu da gari, sai na hango wani jan ƙarfe ya miƙe sama da katanga, ya lanƙwasa, ya sunkuyo kamar raƙumar da ta leƙa gidan maƙwabta. Ban san lokacin da na taka birki ba. Na sauka na zaga katangar, ga ta tsaye ita kaɗai a kan ƙafafunta biyu na gaba, doguwa, ja kamar an kwana ana yi mata lalle, tayoyi uku-uku a kowane gefe. A shekarun nan aljihuna ba ya rabuwa da 'yan littattafan soyayya da ake bazawa a ƙasa a kasuwar Bab Sharif ta nan Jidda, waɗanda saurayi zai hango budurwa ta taga sau ɗaya ya kwanta ciwo wata guda. Abin da ya same ni ke nan, sai dai tawa tirela ce.

Ku samarin da kuke lodin ciyawa yanzu a ma'ajiyoyin Khumra, na ji kuna cewa aikin nan ko makaho zai yi shi: inji ya ɗora, ka ɗaure, ka ja. Ban ga laifinku ba, a haka kuka tarar da shi. Amma ku zauna in ba ku labarin yadda muka zaɓi tirelarmu ta farko, da yadda ta kusa zama ta ƙarshe.

Ni a hannun Baffa Gambo na koyi sana'a. Bahaushen Sudan ne, daga wajen Gadarif ya taso, ya zo aikin hajji bai koma ba. Lokacin da mahaifina ya damƙa ni a hannunsa, Jidda ba ta daɗe da rabuwa da ganuwarta ba, kuma kusan kowane gida a unguwar Hindawiyya akwai akuya ko biyu a bayan ɗaki. Abincinsu barsim ne, ɗanyar ciyawar nan mai ƙananan ganye da ake nomawa a Wadi Fatima. Motoci su kawo ta bakin gari da sassafe, mu kuma mu raba ta gida-gida a karo, amalanken jaki mai taya biyu. Jakinmu sunansa Ɗan Sawakin, domin ta Sawakin, tashar jiragen ruwa ta Sudan, aka tsallako da shi.

Kayan aikin Baffa ba su da yawa. Akwai ƙugiya ta jan dami. Akwai siririyar sandar ƙarfe da yake sokawa cikin ciyawa ya bar ta ɗan lokaci, ya zaro ya ɗora a kumatunsa. In ta fito da ɗumi, ciyawar ta fara ruɓa daga ciki, ko kyauta ba zai karɓa ba. Sai kuma igiya. Wannan igiyar ba ta ɗaure kaya ba ce. Tsohuwar igiyar kaba ce da ya ƙuƙƙulle ta wuri-wuri, kowane ƙulli da ɗan ƙyallensa. Fari faɗin ƙofar wane ne, baƙi faɗin lungun masu wanki, kore tsawon rumfar da ke gaban gidan liman. Duk gidan da muke kai wa ciyawa yana jikin igiyar nan. In za a yi wa karo sabon katako, ko za a ƙara masa faɗi, igiyar ake fara tambaya.

Lodin farko da na yi da hannuna, sau uku ya sa na sauke shi. Dokar karo ɗaya ce a wajensa: nauyi ya zauna a kan tayoyi, ya ɗan karkata baya, domin sandunan gaba su yi sauƙi a gadon bayan jaki. In an gama lodi sai ya sa yatsu biyu ƙarƙashin sandar ya ɗaga. In ba ta ɗagu ba, a sake. Yakan ce jaki ba ya kai ƙara a duniya, ajiye ta yake yi sai ranar da kowa zai yi magana. Shekara goma sha biyar ina jin wannan, har ta kai ko tulun ruwa zan ɗora a wani abu, hannuna da kansa yake tura shi baya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da kuɗin fetur suka fara zuba, gari ya buɗe, aka hana karo hawa manyan tituna. Muka haɗa abin da muke da shi muka sayi tsohuwar wanet, na koyi tuƙi, Ɗan Sawakin ya koma cin hutu a bayan gidan Baffa. Sai ga muguwar shekara. Damina biyu a jere sama ba ta ce komai ba, rijiyoyin Wadi Fatima suka ja baya, ɗanyen barsim ya zama sai mai uwa a gindin murhu. Masu akuya ɗaya-biyu suka yanka suka huta. Cikin 'yan watanni ƙulle-ƙullen igiyar Baffa suka zama sunayen gidajen da ba mu da abin kai musu.

Babban gidan da ya rage mana shi ne na Khala Ladi. Haifaffiyar Jidda ce, jikar alhazan da suka zo da ƙafa daga ƙasar Hausa, in tana magana rabi Hausa rabi Larabci. Awakinta sun kai sittin a wani fili da ke ƙarshen lungu a Hindawiyya, kuma nononsu rabin jariran unguwar suke sha. A wannan shekara sai da ta koma jiƙa musu busasshen burodi da kwali. Haƙarƙarinsu ya fito, nono ya tsaya. Wani mahauci, Hamad, ya mayar da ƙofar gidanta wurin shan shayinsa. Zama kawai yake yi yana kallon awakin.

Ranar wata Lahadi muka kai mata ɗan abin da muka samo, bai fi dami shida ba. Ta dube shi, ta dubi Baffa.

"Ya Gambo, shekara ashirin ban taɓa tambayarka yaushe ba. Yau zan tambaya. In Juma'a ta yi ba su ci sun ƙoshi ba, halas, shi ke nan, na Hamad ne. Ba zan zauna ina kallon su suna faɗuwa ɗaya-ɗaya ba."

Baffa ya ce mata kafin Juma'a za ta ga ciyawa. Da muka fito na tambaye shi daga ina. Ya ce shi ma tambayar da yake yi wa kansa ke nan, amma ya riga ya faɗa.

Ciyawa akwai ta, sai dai nesa. Can gaba da Jumum wani mai gona yana da rijiya mai zurfi da injin da ke matse busasshen barsim ya ɗaure shi da waya, ya fito kamar akwati. Bala ake kiran kowane ɗaya. Sharaɗinsa shi ne ba ya sayar da ƙasa da bala ɗari, kuma a kwashe a tafiya ɗaya, domin manyan dillalai na layi. Wanet ɗinmu in ta yi ƙoƙari ta ɗauki ashirin. A nan ne na ce wa Baffa na san inda maganinmu yake, na kai shi haraj wajen jar tirelar da na yi sati uku ina zagayawa ina gaishe ta.

Mai wurin wani maƙeri ne ɗan Yaman, Usta Yahya, da ke sayen tirelolin da 'yan kwangilar hanya suka gama da su ya gyara. Shi ya nuna mana yadda irin wannan take aiki. Ba a gindin mota ake ɗaura ta ba kamar sauran. Wuyan nan yana tsallake ƙofar baya ya sauko tsakiyar bodin wanet, ya hau kan wani dunƙulen ƙarfe kamar lemo da ake kafawa daidai saman tayoyin baya. Saboda haka mota ƙarama take iya jan kaya mai yawa, kuma tana juyawa a wuri matsattse. Turawa wai da wuyan dinya suke kwatanta ta. Baffa ya ce bai ga dinya a nan ba, raƙumi ya gani, kuma sunan da ya bi ta ke nan a wajenmu.

Na fara yabon ja. Na ce za ta ɗauki bala ɗari biyu, tafiya ɗaya ta wadatar da Khala wata biyu. Na ce dubi fenti, dubi tayoyi shida. Baffa bai ko ɗaga kai ba. Ya tattare zanensa ya shiga ƙarƙashinta da rarrafe, yana ƙwanƙwasa ƙarfe da sandarsa yana saurare. Ya fito ya hau sama, ya durƙusa ya shinshina katakon. Ya kira ni ya ce in sa hancina. Ƙarƙashin sabon fentin warin man dizal ne, ya jiƙa katakon har ciki. Ya ce akuya da kake gani tana cin kwali, amma ba za ta ci ciyawar da ta kwana a kan wannan ba. Layin ƙasa duka asara ne. Ya nuna mini wutsiyarta da ta gangara ƙasa don hawan motar tono, ya ce wannan taku biyar ne da bala ba zai zauna a kai ba, ja kawai za mu riƙa yi. Usta da kansa ya ƙara da cewa mai layin taya uku ba ta son kwana, tana jan ƙasa tana cin roba.

Duk wannan ina da amsarsa. Katako a sauya, wutsiya a yi mata dabara. Sai Baffa ya kwance igiya daga ƙugunsa.

Na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Ga 'yan kwangila da tef ɗin awo a aljihu suna kallo, ga tsoho da igiyar kaba mai tsummoki. Ya ba ni bakin igiyar ya ce in riƙe a daidai inda wuya ke hawa dunƙulen ƙarfe, shi kuma ya ja ta baya yana wuce ƙulli bayan ƙulli har ya zo na ƙarshe, mai shuɗin ƙyalle. Wannan ƙullin na san shi. A bakin lungun Khala Ladi akwai wata kwana tsakanin katangar masallaci da wani tsohon gida mai tagar katako. Abu mafi tsawo da ya taɓa shan wannan kwana lafiya shi ne wata tankar ruwa, kuma ranar da ta shiga Baffa ya bi ta ya auna ta ya ƙulla. Wadda ta fi ta da kaɗan da ta gwada, sai da aka rushe mata gefen dakali. Shuɗin ƙyallen ya ƙare, jar tirela kuwa tana da sauran gaba uku.

Na ce sai mu tsaya a bakin titi mu riƙa shiga da bala a ka. Ya tambaye ni mutum nawa, kwana nawa, kuma wa zai tsare kayan a titi a shekarar da mutane ke sayen ciyawa kamar magani. Sannan ya ce:

"Ɗahiru, a littattafan nan naka, in an auro kyakkyawar, a titi ake barin ta? Ka fara duba ƙofar ɗakinka tukuna."

Usta ya yi dariya har da tari, ya kai mu bayan rumfa. Can wata take, toka-toka, gajera, fenti duk ya kwaile, layin taya biyu, gefe ɗaya na wuyan da tabon walda kamar wanda aka yi wa sakiya. Buhunan hatsi ta saba ɗauka, katakonta ba wari. Shimfiɗarta a miƙe take tun daga gaba har baya, kuma a saman wuyan akwai ɗan dandamali da zai ɗauki bala goma. Baffa ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe. Aka ja igiya. Shuɗin ƙyallen ya wuce tayar ƙarshe da kamu ɗaya. Ya ce wannan ce. Ni kuwa ji nake kamar wanda aka kai gidan su budurwa aka fito masa da yayarta.

Kwana biyu Usta ya yi yana kafa dunƙulen ƙarfe a bayan wanet, ya ƙara mata faranti a ƙasa, ya haɗa sarƙa biyu da wayar birki. Ranar Laraba da yamma da ya gama, Baffa ya tafi alwala, sai Usta ya dafa wuyan tirelar ya ce mini in kula, mafi nauyin kaya a gaban tayoyinta ake sa shi, kusa da wuya, domin ya danne bayan mota. Na ce to. Amma idona na kan ja, wani ɗan kwangila yana zagaya ta yana buga tayoyinta da ƙafa. Maganar ta shiga kunnena kamar ruwan da ke sauka a rufin maƙwabta.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba muka kama hanya, hantsi ya yi mana a gonar. Baffa ya bi bala ɗaya-ɗaya da sandar ƙarfensa, ya ƙi guda bakwai. Muka ware ɗari da ashirin. Ba duka nauyinsu ɗaya ba: akwai na barsim zalla, kore shar, masu nauyi kamar buhun gishiri, akwai kuma waɗanda aka gauraya da tattaka, marasa nauyi. Jera bala kamar ginin bulo ne, layi ɗaya a tsaye, na samansa a gicciye, domin su riƙe juna; layin ƙasa kuma a kan gefensa ake kwantar da shi don kada katako ya cinye waya. Wannan duk Baffa ya gane shi da kallo ɗaya. Sai ya tsaya a gefe yana nuna wa leburorin gonar: masu nauyi baya, marasa nauyi gaba, dandamalin wuya kuma a bar shi fayau. Ya ce a bar wa baiwar Allah wanet ta numfasa, ba a ɗora wa mai ja kaya a gadon baya.

A lokacin maganar Usta ta dawo mini. Na buɗe baki na rufe. Mutumin da ya koya maka riƙe ƙugiya, ba ka gyara masa lodi a gaban leburorin wani. Kuma, in faɗi gaskiya, hannuna ma ya yarda da shi; abin da muka yi shekara goma sha biyar muna yi ke nan. Da aka gama aka ɗaure, Baffa ya zaga ya ga bayan wanet bai ko sunkuya ba, har ya ɗan ɗaga. Ya shafa ta ya ce ka gani, ko ji ba ta yi ba.

A kan hanyar ƙasa muna tafiya a hankali, lafiya lau. Da muka hau kwalta na ƙara wuta. Akwai wata gangara mai tsawo kafin a kai Bahra. A nan na ji sitiyari ya yi sauƙi a hannuna kamar an cire shi daga jikin mota. Na duba madubi, na ga wutsiyar tirela ta leƙo ta dama, ta koma, ta leƙo ta hagu. Wata babbar tanka ta wuce mu, iskarta ta buge mu, sai lilon ya ƙaru. Yanzu ba mu ke jan tirela ba, ita ke kaɗa mu. Na taɓa birki, abin ya ƙara lalacewa, na ɗauke ƙafa. Baffa ya dafe gaban mota da hannu biyu yana salati a hankali. Na ga tayoyin hagu na tirelar sun rabu da ƙasa, na ga sararin sama a inda ya kamata in ga ciyawa. Suka dawo suka daki kwalta. Na bar motar ta gangara da kanta zuwa gefen hanya, yashi ya kama tayoyin, muka tsaya a karkace, wuyan ya juyo saura kaɗan ya taɓa gilashin bayanmu.

Injin ya mutu, ba abin da ake ji sai ƙarfe yana huce zafi. Na sauka na duba. Bala tara sun zube a yashi, igiya ɗaya ta tsinke. Amma dunƙulen Usta ya riƙe, sarƙoƙi suna nan, tayoyi ba wadda ta fashe.

Baffa ya zaga ya dawo ya ce tirelar tana da aljanu, ko kuma Usta ya cuce mu. A nan na gaya masa abin da Usta ya ce, da cewa na ji, kuma na tuna a gona.

"Ka ji, ka yi shiru?"

"Na ji nauyinka ne, Baffa."

"Nauyina." Ya dubi hanya, ya dubi wani rami da ke gaba kaɗan da inda muka tsaya. "Da nauyina ya kai mu can, wa zai je ya gaya wa Ladi?"

Ya samu bala ɗaya ya zauna a kai. Ya ce in sake faɗa masa maganar Usta, daki-daki. Na faɗa, na ƙara da abin da na ji a sitiyari: kayan baya sun ɗaga wuya, wuya ya ɗaga bayan mota, tayoyin da ya kamata su kama ƙasa suna shawagi. Ya daɗe yana kallon dandamalin da ya sa aka bari fayau. Ya ce shekara talatin yana tausayin mai ja, ashe wannan in ka tausaya mata kashe ka za ta yi. Sannan ya miƙe ya ɗauki ƙugiya ya ce yau ni ne mai lodi, in faɗi inda za a sa, shi lebura ne.

Mu biyu muka sauke bala ɗari da goma sha ɗaya a tsakiyar rana, a gefen hanyar da ko inuwar tsuntsu babu, muka fitar da mota daga yashi, muka sake jera ɗari da ashirin. Ku da inji ke ɗora muku, ku gwada ɗaga guda goma da hannu ku ji. Waya ta yanka tafin hannuna har ƙugiya tana santsi. Ruwan da ke cikin salka ya ƙare kafin azahar. Baffa yana da shekara sittin da wani abu, amma duk bala da ya jawo sai ya tsaya ya tambaye ni, nan ko can, ko da ya san amsar. Masu nauyi suka hau gaba da kan wuya, marasa nauyi suka koma baya. Da muka gama, bayan wanet ya zauna sosai a kan tayoyinsa. Baffa ya kalle shi ya kau da kai, kamar wanda ya ga ana dukan dabba.

Muka yi la'asar a nan, muka tashi. Gangarar da ta rage na sauke ta kamar mai tafiya a kan ƙwai. Amma tun daga taku na farko na san an dace. Sitiyari ya yi nauyi a hannuna, tirela ta bi bayanmu tiryan-tiryan. Wata tankar ta sake wuce mu, ko gezau. Na ji Baffa ya saki numfashi, ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa, sannan ya tambaye ni ko akwai sauran dabino a aljihun mota.

Rana ta yi ja muka shiga Hindawiyya. Saura kwanar masallaci. Irin wannan tirela ba ta bin sawun mota in ana juyawa, yanke kwana take yi ta ciki, don haka sai ka wuce kamar ba za ka shiga ba sannan ka karya. Baffa ya sauka yana tafiya da baya a gabana, yana kira da hannu. Mutane suka fito ƙofar gida, mata suka leƙo ta sama. Yalla, yalla, tsaya, kaɗan, tsaya. Saman kayan ya shafi tagar katakon tsohon gidan, ganye ya zubo. Na leƙa ta taga ina kallon tayar ciki tana matsowa kusa da katangar masallaci. Baffa ya je ya sa hannunsa tsakanin taya da katanga, yatsu huɗu suka shiga, ya ce in taho. Muka wuce.

Tun kafin mu tsaya awakin suka ji ƙanshi, filin ya kaure da kuka. Hamad na zaune a wurinsa da kofin shayi, yau har da igiyoyi a gefensa, wai don kada gobe a ɓata lokaci. Khala Ladi ta fito, ba ta yi mana sannu ba. Ta zari ciyawa daga bala na farko, ta murza, ta shinshina, ta ɗan tauna. Ta dubi hannayenmu da jini ya bushe a kai, ta dubi Baffa, ta ce ai Juma'a ta ce, me ya kawo gaggawa. Sannan ta juya.

"Ya Hamad, shanye shayinka. Igiyoyin kuma bar su nan, muna da abin ɗaurewa."

A ranar ba akuyar da ta kwana da yunwa. Bayan kwana goma nono ya dawo. Kafin shekara ta juyo mun koma gonar nan sau ba adadi, kuma gidajen da suka rage da dabba a unguwar duk daga bayan mai wuyan raƙumi suka ci.

Shi ya sa in ɗayanku ya zo yana tambayata wace tirela zai saya, nakan ce ya fara zuwa inda zai sauke kaya, ya auna ƙofa da kwana, sannan ya tafi kasuwa. Ya shinshina katako. Ya shiga ƙarƙashi. In mai sayarwa yana magana, ya dube shi a fuska, kada ya dubi wadda ke gefe. Jar kuwa na sake ganinta sau ɗaya a Bani Malik, ɗauke da bututun ruwa, ta toshe titi ana ta yi mata hon. Har a lokacin kyakkyawa ce. Na ɗaga mata hannu na wuce.

Baffa Gambo bai sake ba da umarnin lodi ba daga ranar nan. Amma bai bar zuwa ba. Ko da idanunsa suka tafi, kowace safiya sai an kawo shi, ya bi tirela da hannu tun daga baya har wuya, ya taɓa bala na kan dandamali ya ji nauyinsu, ya ce to. Daga nan ya koma gida ya ba Ɗan Sawakin ciyawa da hannunsa, har jakin ya mutu don tsufa. Igiyar ya ba ni ita da sauran ƙarfinsa, ya ce in ƙara ƙulli in gari ya ƙara kwana.

A ciwonsa na ƙarshe na je gaishe shi, na tarar ya rame har ana ƙirga ƙasusuwansa. Ya gane muryata. Ya ce, Ɗahiru, in kun zo ɗaukata ka tsaya ka duba lodi, kada ka ji nauyin kowa. Muka yi dariya, har ya yi tari.

Bayan kwana shida aka fito da shi daga gidansa a Hindawiyya, aka bi da makara ta kwanar masallaci. Ni na kama gaba. Da yatsu biyu ma da ta ɗagu.